Ranar da Wayar Magdalena Mai Kifi Ta Fara Magana

Duk wanda ya saba shiga layin masu busasshen kifi a babbar kasuwar Jimeta ya san Magdalena. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau ɗaure da zare, wadda ba ta ƙulle maka kifi sai ta tambayi lafiyar mutanen gidanka. 'Yar wajen Ganye ce. Aure ya kai ta Mubi, inda mijinta Zadok ke koyarwa a firamare. A can ta haifi Abednego da Hadassah, a can kuma ta yi zaton za ta tsufa.

Shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, da ƙafa suka fita, ta daji. Ƙaramar wayarta mai maɓallai tana cikin wata leda tare da garin kunu, kuma har yau ba ta san inda ledar ta faɗi ba. Duk lambobin danginta suna ciki, ba ta haddace ko ɗaya ba. Suka iso Yola, suka zauna a harabar wata majami'a cikin ɗaruruwan mutane, babu wanda za ta kira. Kafin labari ya kai Ganye cewa suna raye, 'yan'uwanta har sun fara karɓar gaisuwar mutuwa. Zadok bai warware daga wahalar hanyar ba, damina ta gaba ya rasu. Magdalena ta kama ɗaki a Bekaji, ta fara sarin kifi daga masunta na bakin Binuwai. Tun daga lokacin, duk wayar da ta riƙe, a haɓar zane take ƙulle ta, ƙulli mai ƙarfi, ta cusa a ƙugu.

Da Abednego ya sami aiki a Fatakwal, sai ya aiko mata da babbar waya mai shafawa. Ya ce yana son ya riƙa ganin fuskarta idan ya kira. Ta yi murna, amma wayar ba ta ba ta daɗi ba. Rubutun ƙanana ne, sai ta kai ta bakin hanci kafin ta gane suna. Idan aka kira, wani lokaci ta shafa ta ɗauka, wani lokaci ta shafa ta kashe, ba ta san bambancin ba. Data kuwa, yau a saka, jibi a ce ta ƙare, alhali ita ba ta kalli komai ba. Hadassah da ke karatu tana zaune a Sangere takan zo ranar Lahadi ta nuna mata, amma yatsunta sun fi idon uwar sauri. Kafin Magdalena ta ce "tsaya", an wuce wurin.

Wata Talata da hantsi, tana cikin ƙulle wa wani mutum kifi, sai ta ji muryar mace tana Turanci daga ƙugunta. Ta waiga hagu da dama, ba kowa. Ta kwance zanen, ta fito da wayar, ta taɓa gilashin. Matar ta sake magana, wani koren layi ya zagaye wurin da ta taɓa, amma komai bai buɗe ba. Ta taɓa wani wurin, matar ta faɗi wani abu dabam. Ta ce, "Wace ce?" Ba amsa. Ta ce Abednego ne ya ba wata mace wayarsa? Shiru. Sai da ta sake taɓawa matar ta ci gaba.

Ifeoma, maƙwabciyarta mai sayar da manja da agushi, ta karɓa ta jujjuya. Ta ce ta taɓa jin irin wannan, 'yan damfara ne suke shiga wayar mutum daga nesa su kwashe abin da ke banki. Mai kifin da ke gefe ya ce a'a, jami'an tsaro ne ke sauraron duk wanda ya taɓa zama a Mubi. Wannan maganar ce ta fi taɓa Magdalena. Ta fara lissafin abin da ta faɗa a waya cikin watan, ko ta ambaci wani abu da bai kamata ba. Ba ta tuna komai ba sai farashin kifi da ciwon gwiwarta.

Ana cikin haka wayar ta fara ƙara, hoton Abednego ya fito. Ta shafa, ba ta ɗauku ba. Ta shafa da ƙarfi, matar ta dinga maimaita kalma ɗaya har kiran ya yanke. Ya sake kira, haka. Magdalena ta zauna a kan buhu. Ga ɗanta a hannunta, ga fuskarsa, ba ta da hanyar ce masa tana lafiya. Irin wannan zaman ta yi a harabar majami'ar nan, kuma ba ta yi tsammanin za ta sake yinsa da waya a tafin hannu ba.

"Mama, tashi ka je wurin Bobboyi," in ji Ifeoma da irin Hausarta. "Ni zan duba maka kifi. Wannan waya ya fi ƙarfin mu."

Bobboyi Bafillace ne mai furfura a gemu, yana gyaran waya a wata rumfa kusa da inda masu keke ke sauke fasinja. Ya saurare ta har ta gama, har da zancen jami'an tsaro, bai yi dariya ba. Ya tambaye ta a ina take ajiye wayar. Ta nuna masa ƙullin zanen. Ya gyaɗa kai, ya danne maɓallan ƙara murya da rage ta guda biyu tare, ya riƙe su kaɗan. Wayar ta yi wata 'yar ƙara, matar ta yi shiru.

"Dada, ba kowa a ciki," ya ce, yana kiranta uwa da Fillanci. "An yi shi ne don makafi, yana karanta masu duk abin da suka taɓa. Ƙullinki ya matse maɓallan nan biyu, shi ya kunna. In ya sake, ki danne su haka, zai mutu."

Ta ce to matar wace ce? Ya ce ba mace ba ce, inji ne. Ta ce inji ya san sunan Abednego? Don ta ji ta faɗe shi sarai. Ya ce karantawa ta yi. Magdalena ta lura shi ma "ta" ya ce.

Tun da wayar na hannunsa, ya ce bari ya sauƙaƙa mata. Ya shiga saiti ya ƙara girman rubutu har ta iya karanta sunan Hadassah daga nesa. Ya hana hotuna da bidiyon da matan zumuntar majami'arsu ke turawa a zaurensu na cikin waya sauka da kansu, ya ce su ne ke shanye mata data. Ya ɗora fuskar 'ya'yanta biyu a gaban gilashin, taɓawa ɗaya kira ya tafi. Ya nuna mata alamar da za ta danne ta yi magana da bakinta maimakon rubutu, ya sa ta gwada sau da yawa yana kallo. Daga nan ya ce ya ajiye mata lambobinta duka a asusun da ɗanta ya buɗe mata, ko wayar ta faɗa Binuwai, in ta sayi wata za su dawo.

A nan ne kanta ya sake ɗaurewa. Ta ce a ina suke zaune in ba a cikin wayar ba? Ya ɗaga hannu ya nuna sama, ya ce can. Ta kalli rufin kwanon rumfar. Ta ce wa ke riƙe da su? Ya ce kamfani. Ta ce kamfanin yana Yola ne? Bobboyi ya sosa gemu, ya ce gaskiya shi ma bai taɓa zuwa ba, amma ya ga lambobi sun dawo wa mutane da yawa. Sannan ta tambaye shi a hankali ko na wayar da ta ɓace mata a hanyar Mubi ma suna can. Ya ce a'a, Dada, waccan ba ta da wannan. Ta ce to, ta yi masa godiya da Fillanci, ta tashi.

A bakin rumfar ta taɓa fuskar Abednego, kira ya tafi. Ya ce hankalinsa ya tashi, har ya fara neman lambar Ifeoma. Ta ce masa wata mata ce ta shiga wayar, amma an fitar da ita. Ya tambaye ta wace mata. Ta ce shi ma mai gyaran bai santa ba.

Yanzu Hadassah ta ɗinka mata 'yar jaka mai igiya da take ratayawa a wuya, sai dai ranar da kasuwa ta cika takan koma ga ƙullin zane, matar kuma takan dawo. Magdalena ta iya kashe ta, ko da yake wani lokacin maɓalli ɗaya take dannewa, muryar ta ƙara tashi har masu sayen kifi su juyo. Saƙon murya kuwa ta kama shi sosai. A makon da ya wuce ta yi wa Abednego dogon faɗa a kan zaman gwauranci, ta kawo sunayen 'yan mata uku na Bekaji da ta ga sun dace da shi. Da yamma sai ga matan zumunta suna ta turo mata "amin", ɗaya daga cikin iyayen 'yan matan ma ta iso kasuwa da kanta tana murmushi. Har yanzu Magdalena ba ta gane yadda aka yi suka ji ba, don ita ta tabbata fuskar ɗanta ta taɓa.