Irin da ke Rumbun Jirgi

Lauwali mai fassara maƙwabcina ne a bakin tashar Bagudo. Ni ina ɗinki, shi yana da rumfar kallo, kwano ɗaya ne ya raba mu. Saboda haka, ko ina so ko ba na so, na san abin da ake ciki a sararin samaniya fiye da abin da ake ciki a gidana.

Da can ɗan kabu-kabu ne, yana kai 'yan kasuwa Segbana, tsallaken iyakar Benin. Can ya tsinci Faransanci, can kuma ya samo fim ɗin da ya zame masa sana'a. Dogon shiri ne na Turawa mai fitowa kashi-kashi, mu dai Jirgin Iri muke ce masa. Duniya ce ta bushe, waɗanda suka saura suka shiga wani ƙaton jirgi mai rumbun iri a ciki, suna bin taurari suna neman ƙasar da za ta karɓi shuka. Lauwali yakan rage sautin talabijin, ya riƙe makirfo, ya riƙa mayar da kowace magana Hausa nan take.

Manoma suka karɓi abin hannu bibbiyu. Ran kasuwa bayan la'asar rumfar cika take, har a yi ta gardama ko jar ƙasar tauraruwa kaza za ta yi gero. Cikin masu zuwa babu kamar Malam Bunyaminu na Geza, dattijon da idonsa ya yi rauni, hoto sai inuwa-inuwa yake gani. Muryar Lauwali ce kallonsa. Kafin ya zauna, tambayarsa ɗaya ce: "Irin fa, shina nan?"

"Shina nan, Baba."

Haka aka haura shekara goma. Sai shirin ya canza hannu, ya faɗa wurin waɗanda, ina da yaƙini, ba su taɓa riƙe fartanya ba. Aka cika jirgin da bindigogi da samari masu gyaran gashi. Yau yaƙi, gobe soyayya, jibi a tayar da wanda ya mutu bara. Rumbu kuwa ko ambatonsa aka daina. Samarin gari suka ji daɗi, rumfa ta ƙara cika.

Abin ya ci Lauwali ƙwarai. Yakan leƙo shagona yana huci: "Wallahi sun ɓata shi, wanga ba jirginmu ne ba." Na ce ya daina mana. Ya daina ya yi me? Babur ya tafi tuntuni, an mayar da shi sola da benci. Da wannan murya duk gari ya san shi. Ga kuma tsohon da ke hawo bayan mashin tun daga Geza don tambaya ɗaya tak.

Sai ya shiga cusa abin da babu. Jarumi zai ce a harba, Lauwali ya ƙara masa: "Amma ku yi hankali da rumbu." Wata za ta yi kukan saurayi, ya ce damina take tunawa. Samari ba ruwansu, harbi suka zo gani. Baba kuwa sai gyaɗa kai.

Ran kasuwar da ta wuce aka kawo sabon kashi, Lauwali ya saka bai riga ya duba ba. Abokan gaba suka biyo jirgin, aka rasa gudu saboda nauyi. Jarumin ya danna wani abu, ƙofar rumbu ta buɗe, irin da muka yi shekaru muna tsaro ya watse cikin duhu. Samari suka kaure da shewa. Na tsayar da keken ɗinki, don ban taɓa jin makirfon nan ya yi shiru haka ba. Na tausaya wa Lauwali har cikin raina.

"Lauwali," in ji Malam Bunyaminu, "mi sunka zubar?"

Na leƙa ta hudar kwano. Lauwali na tsaye, makirfo a hannu.

"Shuka sunka yi, Baba."

Tsohon ya ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi, Allah ya nuna min. To sati mai zuwa, in muna da rai, sai ka hwaɗa min ko ya tsiro."