Motar da Ta Fi Burtali Faɗi

Shekara goma sha tara Maiwada ya yi yana kora amalanken shanu daga unguwarsu, da ke bayan Toranke, zuwa kasuwar Ajingi. Hanyar fita daga unguwar ɗaya ce tak: burtali mai rairayi, gonaki dama da hagu, a tsakiya kuma sawu biyu da ƙafafun amalanke suka haƙa. Da damina manoma kan ja kunyarsu har bakin sawun. Maiwada ya fi kowa sanin haka, kuma abin da ke ƙara ƙona masa rai ke nan.

Bara, yana da shekara arba'in da shida, ya sayar da bijimansa biyu da amalanken, ya sayi tsohuwar a-kori-kura irin wadda duka ƙafafunta huɗu ke ja. Manoman unguwar sun yi masa alkawari: duk gyaɗar da za a kai Ajingi da kaka, shi zai ɗauka. A kan wannan alkawari ya rabu da shanunsa. Ya koyi tuƙi a Gaya, sannan a watan Agusta ya kai motar Kano don a duba masa birki.

Birki kawai. Amma bakaniken, wani mai suna Kamilu, ya zagaya motar yana girgiza kai.

"Alhaji, a haka za ka shiga daji? Da waɗannan ƙafafu kamar na akuya?"

Maiwada bai taɓa zuwa Makka ba, amma sunan ya yi masa daɗi. Kamilu ya ciro waya ya nuna masa motoci suna hawa duwatsu a wata ƙasa. Babu dutse ko ɗaya a hanyar Maiwada, amma bai faɗa ba. Kunya ta hana shi nuna cewa shi sabon shiga ne. Cikin kwana uku aka ɗaga motar sama, aka sa mata manyan tayoyi masu haƙora, aka saka faifan ƙarfe a bayan kowace taya don ƙafafun su buɗe waje. Aka ɗaura mata ƙaton ƙarfe a gaba, da fitilu huɗu a rufi. Kowane gefe ya ƙaru da taƙi guda na hannu. Babu wanda ya tambaye shi faɗin hanyarsu. Shi ma bai auna ba.

Da hantsi ya shigo burtalin. Zaune yake can sama, ba ya ganin ƙafafun motar. Mata da ke cire ciyawa suka miƙe suna ɗaga masa hannu suna ihu, shi kuwa ya ɗauka barka suke masa, sai ya danna musu ham. Tayoyin sun fita daga sawun amalanke sun hau kunyar farko ta kowace gona, haƙoransu na tumɓuke gyaɗar da ta fara sa 'ya'ya. Gonaki goma sha ɗaya ya bi ta kansu kafin wani dattijo ya tsaya a tsakiyar hanya ya gicciya sanda.

Bappa Bubayero ne, tsohon makiyayi da ya zauna ya koma noma, amma bai ajiye sandarsa ba. Gonarsa ta fi kowace tsawo a bakin burtalin.

"Sauko, Maiwada. Sauko ka ga aikinka."

Ya sauko, ya waiwaya, ya ga ɓarnar da ya yi.

"Bappa, ku yi haƙuri, wallahi ban gani ba."

"Ina za ka gani, kana zaune a kan rumbu? Shekara nawa shanunka na bin nan, ko ganye ɗaya ba su taɓa takawa ba. Dabba ta san iyaka, kai da ka je Kano ka manta!"

Washegari aka taru a ƙofar mai unguwa. Hukuncin bai da tsawo: motar ba za ta sake shiga burtali ba sai faɗinta ya koma na amalanke. Bappa ya je ya kwantar da sandarsa a kan sawun nan biyu, sanda ɗaya da rabi, ya yi tsaga da wuƙa a daidai rabin. Aka lallaɓa aka fitar da motar, aka ajiye ta ƙarƙashin wata tsamiya a Toranke.

Maiwada ya kira Kamilu a waya, ya ce a mayar masa da tsofaffin ƙafafunsa.

"Ai an daɗe da sayar da su, Alhaji. Kuma ni ka gaya mini akwai gona a hanyar?"

"Kai ka tambaye ni? Birki na kawo maka! Kuma kar ka sake ce mini Alhaji!"

Kamilu ya kashe wayar.

Mako bakwai Maiwada na yawo tsakanin Gaya da Ajingi yana neman siraran ƙafafu huɗu da za su shiga motar. Kullum a ƙasa yake komawa gida, ta gaban kunyoyin da ya lalata. Matarsa Hansai ba ta sassauta masa ba.

"Baban Fiddausi, yau ma jirgin bai sauka ba? Ko sai an gina masa filinsa?"

Wani mai faci a Gaya ne ya gaya masa abin da ya kamata ya ji tun farko: rairayi ba ya son taya mai haƙora, haƙa take ta binne kanta. Abin da Maiwada yake bukata shi ne ya rage iskar tayoyi in zai shiga, ya riƙe famfo da shebur a baya. Shi ke nan.

Kafin ƙafafun su samu, an fara cirar gyaɗa. Manoma ba su jira ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Kayan suka koma hannun Usaini, mutumin da ya sayi shanun Maiwada. Ranar kasuwa Maiwada na kwance ƙarƙashin motar yana kwance faifan ƙarfen nan da hannunsa, sai ga bijimansa sun wuce da buhunan da aka yi masa alkawari. Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya dube shi. Maiwada ya yi jifa da sifana har ta daki tsamiyar.

A ƙarshen Oktoba ya kawo motar bakin burtali. Bappa ya durƙusa a gabanta, ya kwantar da sanda, ya sake kwantarwa. Gefen tayar ya tsaya yatsa biyu kafin tsagar.

"Wuce," in ji shi. "Gyaɗa dai ta tafi. Akwai harawa a gonata, in ba ka raina ba."

Harawar ya ɗauka, ita ce kayan kakarsa na farko da mota. Ƙarfen gaban yana tsakar gidansa, Hansai na ɗaure awaki a jikinsa. Har yau in aka ambaci Kamilu, jijiyar wuyan Maiwada kan tashi. Ya yanki sanda tasa, da tsaga a rabinta, tana bayan kujerar direba. Duk bakaniken da zai taɓa motar, sai ya fara nuna masa ita.