Allon Orval

Gundumarmu ta Tilda, a yammacin Nebraska, sunan alfadara ta ci. Mai awon ƙasa da kamfanin jirgin ƙasa ya turo a 1887 ya rasa sunan da zai rubuta a takarda, sai ya sa na alfadarar da ke ɗaukar masa kaya. Masu jin kunya cewa suke sunan matarsa ne. Orval Hruska kuwa ya ce ko matar ce, taurin kan dai ɗaya ne, kuma duk mun gada.

Orval mai fenti ne, dogo, kullum da tsinken sakace a baki. Shekara arba'in shi ke rubuta allon bakin iyaka, mai sunan gunduma da yawan mutanenta. Duk ƙidaya sai ya ɗauki tsani ya je ya rage mu. Daga dubu biyu da wani abu muka gangaro, gonakin masara na faɗaɗa, yara na tafiya birnin Omaha. Matarsa Maxine ke riƙe masa tsani, tana masa tsiya wai lamba bakwai ɗin da yake rubutawa kamar ƙugiyar rataye nama.

A ƙidayar 2010 mun tashi 812. Kwana biyu bayan ranar ƙidaya Maxine ta rasu, saboda haka tana cikin lambar. Shekara goma Orval na zuwa duk Lahadi bayan coci yana goge allon da tsumma. Mun san dalili, ba wanda ya taɓa tanka masa.

Da sabuwar ƙidaya ta fito, 744, Denise 'yar ƙanwarsa, magatakardar gunduma, ta kawo masa takardar shagona na shan kofi. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce gwiwarsa na ciwo. Wata uku gwiwar nan ba ta warke ba. Tausayinsa ya hana ni tsokanarsa, ni da ba na ƙyale kowa. Da Denise ta ce to za ta ɗauko mai fenti daga wata gunduma, washegari ya ce in zo in riƙe masa tsani.

Da ya gama rubutun, muna tattara gwangwanayen fenti sai Denise ta tsaya da motarta, ta dubi allo, ta dubi takarda.

"Kawu, 745 ka rubuta. Ka ƙara mutum ɗaya."

Ya ci gaba da goge burushi a wandonsa.

"Ban ƙara kowa ba, yarinya. Ragewa ce ban yi ba."

Denise ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce bakwai ɗin nan dai har yanzu ƙugiya ce, ta tada mota.