Takardar Falmata da na ɓoye a ƙasan kwalla

Shekara shida ke nan cif da muka kai Falmata makwancinta a nan Gure. Jikata ce, ni na yaye ta, ni na aurar da ita. Ban shiga lakwal ba, ban san boko ba. Ni nake faɗa, maƙwabciyata malama take rubutawa.

Ciwon baya ya sa ta fara shan tramol. Mijinta yana daji da dabbobi wajen Kelle, ita ke jan ruwa, ita ke daka, ita ke kai nono kasuwa. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Da cikin fari ya kai wata shida, ta dawo wurina goyon ciki.

Ranar da ta je awo, ta faɗa wa ungozoma gaskiya, aka ba ta takarda da Faransanci. Ta miƙo mini tana dariya: "Tsohuwa, ga wasiƙarki, sa tabarau ki karanta mana." Sai ta rage murya: "Ta ce kar in bar ƙwayar lokaci ɗaya. In koma Litinin, su za su duba ni."

Na ce, "Ƙwaya ce ke magana da bakinki. Wa zai ce mai ciki ta ci gaba da shan guba?"

Duk wanda zai karanta mini takardar, zai ji asirin gidana. Kuma rubutu ba a yar da shi. Sai na ninke ta, na sa a ƙasan kwalla. Ƙwayoyin na zuba a salga, na ja ƙofa, na karɓo mata rubutun sha. Litinin ta zo ta wuce. Kwana huɗu tana zufa, tana hamma, tana amai, tana kirana. A na biyar naƙuda ta taso. Yaron bai yi kuka ba. Jini bai tsaya ba, har ta cika a mota, a hanyar Damagaram.

Sai bara na iya ba malama takardar. Abin da Falmata ta faɗa, shi ne a rubuce: kar mai ciki ta yanke ƙwaya da kanta, ta zo gidan likita, ba abin kunya ba ne.

Da za ta leƙo yau, me za ta gani? Ƙwayar tana nan a teburin masu tireda, kusa da alawa. Takardun suna nan, mu da muke riƙe da masu ciki ba mu iya karanta su ba.

Me ya rage nata? Dariyar nan, da takarda mai ninki huɗu. Watan jiya na ga wata yarinya mai ciki a layinmu tana irin wannan hammar. Na ɗauki takardar na kai wa uwarta, na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Iya, ki rufa mana asiri." Ta ja ƙofa. Na san wannan ƙarar.