Rabon Dorina a Gonar Babanmu

Bana shekara tara ke nan da muka kai Baba makwancinsa a Garwa. Mutanen bakin Binuwai sun san shi da Ɗanjuma mai albasa, mu kuwa 'ya'yansa biyu, ni da yayana Hamma Sali, mun fi saninsa da taurin kai. Allah ya jiƙansa, mutum ne da in ya ce a'a, ko Lamiɗo ne ya aiko sai dai ɗan aike ya sha ruwa ya koma. Ba zan cika ku da yabo ba, masu karatu, don shi kansa yabo haushi yake ba shi. Maganar gonarsa nake so in yi, domin ita ce ta tsaya mini a rai bana.

Gonar tana gaɓar kogi, ƙasa da gari kaɗan. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san bakin ruwa shi ne tsokar gona, amma Baba bai taɓa sa fartanya a wurin ba. Tsakanin kunyarsa ta ƙarshe da ruwa yakan bar fili mai faɗi, cike da ciyawar burugu da itatuwan giyayya, ba ya nomewa, ba ya sa wuta. Ya raɗa wa wurin suna rabon dorina. Kada ku ɗauka son dabbobi ne ya sa. Baba ya tsani dorina tun ranar da wata ta kifar masa da kwalekwale yana saurayi, kuma duk safiyar da ya ga sawunta sai ya zage ta tas. Abin da yake faɗa dai shi ne, maƙwabcin da ya fi ka ƙarfi, ka ajiye masa tuwonsa a ƙofar gida, kada ya shigo maka ɗaki nema. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya, wai yana fitar wa dorina zakka. Ko a jikinsa.

Da ya rasu ba a raba gado ba, Hamma Sali ya ci gaba da noma gonar. Yayana ba mugu ba ne, mai iyali ne, kuma buhun taki ba ya jin ƙai. Ya sayi injin ban-ruwa, wanda mu nan muke ce wa motopom, ya sare giyayya, ya cinna wa burugu wuta, ya fesa maganin ciyawa, ya kai kunyoyi har inda ruwa ke lasar ƙasa. Na yi magana, aka ce in ji da rumfata a kasuwa, mace me ta sani game da gona. Duk gaɓar haka aka yi. Da farko kam albasa ta yi, har manyan motoci suna zuwa daga Ngawundere su yi lodi.

To, in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba. Dorina ta fito kiwo ta tarar babu ciyawa, sai ta wuce gaba. Wata safiya na je na iske masarar Hamma kwance, abin da ba a cinye ba an tattake. Sai kuma damina mai ƙarfi ta zo, aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo, ruwa ya sauko ya sami gaɓa tsirara, ba saiwar da za ta riƙe ta. Ya yi ta gutsirarta yana tafiya da ita. Wurin da Baba ke shimfiɗa buzu ya yi azahar, yau masunta ne ke jefa birgi a kansa. Wallahi ranar da na ga haka na yi kuka, na kuma ji haushi har na kasa cin abinci.

Amma ga abin da ya ba ni mamaki. Da ruwa ya janye, Hamma ya yi fushi ya ƙyale bakin gaɓar, sai ga kututturan giyayyar nan da aka sare, aka ƙone, sun fito da toho. Burugu ya dawo ba wanda ya shuka shi. Tsuntsayen da na daina gani tun da aka share wurin suka dawo suna saƙa a ciki. Ashe daji bai mutu ba, laɓewa ya yi.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai leƙo yau. Na san zai ga buhunan gawayin itatuwan da ake sarewa jere a hanya ya yi tsaki. Amma ba na jin zai yi wa kowa wa'azi, bai iya ba. Zai tsuguna ne gaban tohon nan ya ce a bar shi, sannan ya zagi dorina.

Bana Hamma ya ce zai sake share wurin kafin rani, zai kuma kai ƙara wajen masu gandun daji su zo su harbe dabbobin. A nan na ce a raba gado. Muka kira Modibbon unguwarmu, malamin da ya yi wa Baba salla. Rabona na mace kashi ɗaya, na Hamma biyu, ban yi gardama da hukuncin Allah ba. Na dai roƙi a yanka mini nawa a bakin ruwa, in bar masa tudu duka, kuma tiyon injinsa ya ratsa ta wurina ya ɗebi ruwa.

Modibbo ya dube ni ya ce, "Dija, kin san abin da kike bari? Me za ki shuka a can?"

Na ce, "Ba komai, Allah ya gafarta Malam."

Hamma ya yi dariya ya ce, "Kayya, ƙanwata ta ci gadon ciyawa!"

Gaskiyarsa ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da ciwo. Ni mai sayar da albasa ce, ga gona tawa, amma sai na sari ta wasu in kasa. Mijina ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata da ka. Ba ni kuma da tabbacin kogi ba zai sake cin wurin ba kafin saiwa ta kama, ko dorina za ta tsaya inda na ce ta tsaya. Ba ta san ni ba, ba mu yi alkawari ba.

In na auna abin da ya rage na Baba, ba shi da yawa. Kwalekwalensa ya ruɓe, ɗakinsa an mai da shi shago, jikokinsa ƙanana ba su san fuskarsa ba. Abin da bai ruɓe ba shi ne wannan a'a tasa, kuma da aka zo rabo, ita ba a kasa ta uku ba, ni ta faɗo wa gaba ɗaya. Muddin ina numfashi, ba gatari, ba wuta, ba feshi a gaɓar nan.

Hamma Sali ya ce ba komai, talauci zai koya mini hankali, zai jira in gaji in sayar masa. Na ce masa to Hamma, ka nemi tabarma mai kyau, don zaman zai yi tsawo.