Takardar Tana Jakata, Lauya

Allah ne Ya ba mu kai, kuma gare Shi ka koma. Ranar Litinin, sha huɗu ga Yuli, da hantsi, aka kashe ka a ofishinka, Lauya. Ni, sakatariyarka ta shekara goma sha tara, ni na buɗe musu ƙofa.

Dokarka ce. Tun da ka bar aikin gwamnati ka kama ɗaki biyu a saman kantin magani, ka ce duk wanda ya hawo benen nan kada a tambaye shi wa ya aiko shi. Ta haka mai ɗinkin nan ta same ka, bayan mijinta ya rasu, wani mai ƙarfi ya ce gidan da take ciki da 'ya'ya biyar nasa ne. Kai ka share mata kujera da hannunka.

Su uku ne, cikin kaya masu tsafta, har da gaishe ni. Na ce su shiga. Sai na ji kujera ta faɗi. Ɗaya ya maƙure ni a bango, wuƙa a wuyana. Ina gani ta ƙofa suna buga kanka da tebur, wai ka fito da takardar gidan mai ɗinkin kafin zaman kotu na Alhamis. Bakinka na zubar da jini ka nuna musu fayil. Sun ɗauka, kuma duk da haka suka soke ka sau uku. Allah ya isa! Wallahi ban yafe ba.

Ba su san halinka ba. Kwafi kake sawa a fayil, takardar asali kuwa a jakata take zama. Sau nawa na yi maka mita? "Ni fa ba akwati ba ce, Lauya." Sai ka yi dariya ka ce, "Haba Yaya, wa zai binciki jakar da ta cika da maganin ciwon gwiwa?"

Jakar na rataye a kafaɗata duk lokacin da suke dukanka. Ka sani. Ko sau ɗaya ba ka kalli inda nake ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi shahadarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da mai ɗakinka, da 'ya'yanku mata biyu; Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Ranar Alhamis na hau matakalar kotu da gwiwoyin nan nawa, na miƙa takardar. Mai ɗinki tana gidanta, Lauya.