"Anya?" a Gefen Shafi

Har yau ban manta da ranar nan ba.

Gwaggo tela ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar babana. Shekara talatin tana koya wa matan coci Littafi Mai Tsarki. Ni kuwa na dawo daga jami'a da tambayoyin da na ɓoye, don ina tsoron ranar da ta ji su za ta cire ni daga ranta.

Ranar Talata ta aike ni shagonta in ɗauko mata Littafi Mai Tsarki nata a kan keken ɗinki. Ya suɓuce mini, ya faɗi a buɗe. A gefen shafin an rubuta "Anya?" da fensir. Na juya gaba. Inda aka raba teku, "Anya?" Inda matacce ya tashi, "Anya?" Duk rubutunta ne.

Na kai mata shi a buɗe. "Gwaggo, mene ne wannan?"

"Au, har da binciken kayan mutane aka koya maka a can?"

"Ashe ba ki yarda ba? Kuma kike koyarwa?"

"Ɗan nan, wa kake tsammani nake tambaya? Fasto? Mai maganar nake tambaya. Waɗanda ya amsa na goge. Sauran muna nan muna ja."

Ta daɗe tana kallona.

"Wata biyu ba ka cewa amin a gidan nan. Zauna. Wacce ce taka?"

Na zauna, na fara.